Ƙarar da na ji a gindin kalgo

Shekaranjiya ɗana ya miƙo min waya, ya ce, "Baba, kalli macijin Amurka mai kacau-kacau a wutsiya." Na kalla. Maciji ne ya naɗe, yana kaɗa ƙarshen jelarsa, ƙara na fita kamar ana girgiza busasshen ɓawon gyaɗa. Ƙullutun nan na jela irin sinadarin farce ne, kuma duk sanda ya yi saɓa sai wani ya ƙaru. A nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa. Amma ban ƙarasa kallo ba jikina ya yi sanyi, don na san wannan gargaɗin a dajinmu.

Ina saurayi muka fita farauta da Kawu bayan an gama girbi, can kudu da Kumo a jihar Gombe. Kare ya bi zomo ya shige cikin wani kalgo, ni kuma na bi da gora a hannu, silifas a ƙafa. Sai na ji "shhhh", kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Na ɗauka iska ce a busasshen ganye.

"Tsaya cak, yaro!" in ji Kawu. "Ja da baya, a hankali."

Sai da ya nuna min da bakin sanda sannan na gan ta. Kububuwa ce, da kyar ta wuce kamu guda, launinta sak na ƙasar wurin, da ɗigo-ɗigo masu haske a gadon baya. Ta lanƙwashe jiki tana goga ɓawonta da juna, daga nan ƙarar ke fita. Tsakanin yatsuna da kanta bai kai taku biyu ba. Na ce, "Kawu, in buge ta?" Ya ce a'a, wanda ya matsa don kashewa shi ake sara. Muka kewaye. Ba a banza ake ce mata gobe da nisa ba.

Abin da dafinta ke yi kuwa na gani da idona bayan shekaru, ranar da ta sari ɗan maƙwabcina wajen cirar gyaɗa. Kafin in iso an ɗaure ƙafar tam da roba, an tsaga wurin da reza. Har yau abin na ci min rai, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagar nan kuwa ƙofa aka buɗe masa. Kafin la'asar dasashin yaron ya fara zubar da jini.

Muka sa shi a mota sai asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo. Suka kwance robar, suka ɗebi jininsa a ƙaramar kwalba aka ajiye minti 20. Da aka karkata ta, jinin ya gangaro kamar ruwa. Nan take aka ɗaura masa maganin dafi, EchiTAb, ta jijiya. Da aka sake gwaji daga baya jinin ya kama. Mahaifinsa ya zauna a ƙasa yana ta hamdala.

Yaron ya warke, amma tabon rezar na nan a idon sawunsa. Ni dai tun daga ranar ba na shiga daji sai da dogon takalmin roba, ba na zira hannu a ramin burgu, kuma ko bayan gida zan zagaya da dare sai da tocila. Jiya na sayo wa ɗana nasa takalmin a kasuwar Kumo, ya ce ya yi masa nauyi.