Asabar a kan tudun Rowley

Wata takwas ke nan ina Wolverhampton, amma duk wanda ya kira daga gida ce masa nake ina Birmingham, don ita aka sani. Shekaranjiya tsohon da ke maƙwabtaka da mu, wanda nake kira Baba, ya tsinci sunan a bakina ina waya a ƙofar gida. Ya jira na gama, ya ce, "Yaro, nan ba Birmingham ba ce. Ran Asabar ka sa takalmin kirki."

Ban sa ba. Zan zo kan wannan.

Da hantsi muka hau tsohuwar motarsa zuwa tuddan Rowley, kusa da Turner's Hill, wuri mafi tsayi a yankin, mita 271 daga teku. Ana yayyafi, iska kamar ta yanke kunne. Gabas rufin gidaje ne da rumbunan ajiya har iyakar gani, ba ka sanin inda wani gari ya ƙare wani ya fara. Yamma kuwa can nesa ga tuddai kore shar. Baba ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce ruwan da ke sauka gefen nan zai bi kogin Stour ya faɗa Severn ya fita teku ta kudu maso yamma, wanda ya sauka ɗaya gefen kuma ya bi Tame zuwa Trent ya ƙare a Tekun Arewa. Girgije ɗaya, teku biyu. Na daɗe tsaye ina kallon ɗigon da ke kan hannun rigata.

Wannan yanki shi ake kira Black Country, wato Baƙar Ƙasa. A takarda ƙananan hukumomi huɗu ne: Dudley, Sandwell, Walsall da Wolverhampton. Baba bai yarda da takarda ba. A wurinsa iyakar tana ƙarƙashin ƙasa: inda babban shimfiɗin kwal ya kai, nan yankin ya tsaya. Kaurin shimfiɗin ya kai mita 9, kuma a wasu wurare dab yake da doron ƙasa. Ga tama a tsakanin kwal ɗin, ga dutsen farar ƙasa a tuddan Dudley, ga yumɓu mai jure wuta wajen Stourbridge. Duk abin da mai narka ƙarfe ke nema an tara masa cikin tafiyar wuni guda da ƙafa.

Abu ɗaya aka hana mutanen yankin, babban kogin da jirgi zai bi, domin wurin tudu ne a tsakiyar Ingila. Sai suka haƙa nasu. Hanyar ruwan farko ta haɗa ramukan kwal na Wednesbury da Birmingham a 1769. Ruwan da suka rasa a sama kuma ya dame su a ƙasa, yana cika ramuka, shi ya sa aka kafa injin tururi na Newcomen kusa da Dudley a 1712 don zuƙe shi.

Muna gangarowa yana lissafa mini garuruwa da sana'o'insu. Willenhall kwado da makulli, Walsall sirdi da linzami da likkafa, Cradley Heath sarƙa, Stourbridge gilashi. Ankar jirgin Titanic a Netherton aka ƙera ta. Sai na tuna cikin birnin Kano, inda sunan unguwa kan gaya maka abin da kakannin mutanenta suke yi. Da muka wuce kantunan Merry Hill ya yi shiru. Dab da nan masana'antar ƙarfen da ya yi aiki take kafin a rufe ta a 1982. Ban ce komai ba, shi ma bai rage gudu ba.

Daga nan sai ramin Netherton, hanyar ruwa da aka huda ta ƙarƙashin tudun da muka tsaya da safe. An buɗe shi a 1858, tsawonsa ya kusa kilomita 3, miƙe sak, da hanyar ƙafa gefe da gefe. Kana shiga kana hango ɗaya bakin kamar ƙwayar gero, ka yi ta tafiya ƙwayar ba ta girma. Ruwa na ɗiga daga rufi, muryarka na dawo maka. Fitilar wayata ba ta tsinana komai ba. Na zurma ƙafa cikin kududdufi har idon sawu, Baba ya yi dariya har da tari. Na ce, "Baba, mu koma, na yarda ba Birmingham ba ce." Ko rubu'in ramin ba mu ci ba.

Wren's Nest, inda ake tsintar burbushin halittun teku a cikin dutse, sai wani jiƙon, duhu ya riga mu.

Yanzu takalmin na kan hita yana tururi. Bayan isha'i Umma ta kira, ta ce, "Ya mutanen Birmingham?" Na leƙa taga, fitilar Baba a kashe. Na ce suna nan lafiya lau.