Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bizar Aure ko ta Ritaya

A makon jiya na tsaya ne a ranar da muka yi rajistar aurenmu a ofishin gunduma a Cantaburi, ƙasar Tailan. Ɗaurin auren da aka yi mana a masallaci ya halatta mana juna, amma hukumar shige da fice ta Tailan takardar gunduma kawai ta sani, wadda suke kira Kor Ror 2 da Kor Ror 3. To, a shekarar nan na cika 50 da haihuwa, sai hanya ta rabu biyu a gabana.

Duk wanda ya kai 50 yana iya neman izinin zama na shekara guda a matsayin ɗan ritaya. Sharaɗin shi ne bat (kuɗin Tailan) 800,000 a bankin ƙasar, ko kuɗin shiga bat 65,000 kowane wata. Mai matar Tailan kuma bat 400,000 ake nema a wurinsa, ko 40,000 a wata. Kuɗin sabuntawa ɗaya ne, bat 1,900, kuma ko wacce ka ɗauka sai ka riƙa sanar da inda kake zaune duk bayan kwana 90.

Akwai wani dattijo ɗan Gine da muke zama tebur ɗaya da shi a kasuwar duwatsu masu daraja ta titin Si Can, daga Juma'a zuwa Lahadi. Shi ya koya mini duba shuɗin yakutun Mambila a hasken rana kafin in buɗe baki in yi ciniki. Da na kawo masa maganar, bai yi wata-wata ba ya ce, "Alhaji, ɗauki ta ritaya. Kada ka rataya zamanka a wuyan mace. Ranar da aure ya mutu, ranar izininka ya mutu." Gaskiya ya faɗa, haka dokar take. Ya ga wanda abin ya faru da shi, mutum ya shekara goma a gari, dare ɗaya ya koma haɗa kaya.

Na kwana uku ina juya maganar. Ta ritaya ba ta da yawan takardu, galibi a ranar ake buga maka hatimi. Sai dai tun 2019 aka tsaurara ta: kuɗin nan su kwana wata biyu a banki kafin ka nema, su ƙara wata uku bayan an ba ka, sannan kada su taɓa sauka ƙasa da 400,000 har shekara ta zagayo. Ga ɗan fansho daga Turai wannan ba komai ba ne. Ni kuwa jarina ke nan. Ɗan kasuwar dutse da kuɗinsa ke kwance a banki, haja za ta zo daga Jos ya tsaya yana kallo wani ya ɗauke. Babban abin ma, mai bizar ritaya an hana shi aiki kwata-kwata. Mai ta aure yana iya neman takardar izinin aiki, ya yi sana'arsa a fili ba tare da waige-waige ba. Ni ban zo ƙasar nan don in zauna a inuwa ba, ina da 'ya'ya biyu a makaranta a gida da marigayiya ta bar mini.

Amma ba lissafin nan ya yanke hukuncin ba. Wani dare bayan sallar isha na zayyana wa maiɗakina duka biyun, har da abin da dattijon ya ce, don ban saba ɓoye mata ba. Ta yi shiru mai tsawo tana tsince shinkafa. Can ta ce, "Bang," haka Musulmin nan ke kiran namiji babba, "in ka ɗauki ta ritaya ba zan ce komai ba. Amma zan san ka bar ƙofa a buɗe." Wallahi maganar ta shige ni. Matar nan ta yi jinyata wata guda lokacin da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, danginta sun karɓe ni ba su taɓa tambayar nawa na mallaka ba.

Washegari muka fara tara takardu. Hotunanmu a ƙofar gida yadda lambar gidan za ta fito, hoto a falo, hoto a ɗaki, taswirar hanyar gidanmu da na zana da hannuna, rajistar gidansu, katin shaidarta, wasiƙar banki, komai kwafi biyu, kowane shafi da sa hannu. Tare muka je, domin dole matar ta bayyana da kanta. Jami'ar ta duba, ta yi mana tambayoyi, ta buga mini hatimin kwana 30 na jiran bincike. Ta ce za a zo gida a gani da ido, mu tanadi maƙwabta da za su shaida cewa tare muke zaune.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, alhali maƙwabcin da ya yi mana alkawarin shaida ya tafi gonar duriyan, wani ɗan itace na ƙasar nan, tun asuba. Yadda muka ƙare da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.