Godiya ga iyayen aji huɗu da jama'ar unguwa bayan Ranar Cakulan

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Iyayena, yayyena da ƙannena na wannan zango namu na Kumasi, barkanmu da gajiya. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da wani tukwici da ya wuce wannan rubutu. Taron da muka yi wa yaran aji huɗu ranar Juma'a 14 ga Fabrairu ya tashi lafiya, yara sun koma gida da murna, kuma na ga bai kamata in bar godiyar a bakin ƙofar aji ba, tunda da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyin abin ba su ma samu halarta ba. Sunaye dai ba zan kama ba, don wasunku sun roƙe ni kada in yi. Kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda ke karantawa daga Najeriya da Nijar, bari in ɗan yi bayani. Ranar da duniya ke kira Ranar Masoya, mu a Ghana gwamnati ta ba ta wani suna tun zamanin Shugaba Kufuor, lokacin da marigayi Jake Obetsebi-Lamptey ke ministan yawon buɗe ido: Ranar Cakulan ta Ƙasa. Manufar ita ce ƙasar da ke noma koko ta riƙa ɗanɗana abin da take nomawa, a kuma karkato da hankalin matasa daga shashancin da ake yi a wannan rana. To amma sauya suna bai sauya zuciyar iyayen zango ba, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya bi ta kasuwannin Adum ko Kejetia a nan Kumasi a makon ya ga jajayen kaya a rataye, ya kuma san inda wasu abubuwan ke ƙarewa da dare.

Shi ya sa godiyata ta farko za ta tafi ga mahaifin da ya miƙe a taron iyaye da malamai ya ce, "Malama, karatu muka kawo su ko soyayya?" Baba, Allah ya saka da alheri. Da ka yi shiru ka koma gida ka hana ɗanka zuwa, da ba mu zauna mun tsara abin yadda ya dace ba. Amsata a ranar ita ce amsata har yau: yaran nan suna da ido, suna jin rediyo, suna leƙa wayoyin yayyensu. In muka kama baki, titi zai gaya musu ma'anar ƙauna. Ni kuwa ina so ɗan shekara tara ya fara sanin cewa ƙauna ita ce ya raba gurasarsa da wanda bai karya ba, ya jira gurgu a hanya, ya gaishe da maƙwabciya. Sharuɗɗan da ka kafa duk mun bi: babu jajayen kaya, babu wasiƙa tsakanin mace da namiji, kuma mun sallami yara tun kafin kiran sallar Juma'a.

Sai Malam mai koyar da Larabci da addini. Malam, kai ka buɗe mana ƙofa. Da safe ka tsaya gaban yara ka karanta musu hadisin da ke cewa ku riƙa yi wa juna kyauta za ku so juna, da wanda ke cewa idan mutum yana son ɗan'uwansa to ya sanar da shi. Ba ka ja dogon wa'azi ba, ka tambaye su kawai, "Wa ya taɓa gaya wa abokinsa cewa yana jin daɗin zama da shi?" Hannu ko ɗaya bai tashi ba, sai dariya da sunkuyar da kai. Daga nan aikinmu ya samu gindin zama.

Abin da ya fi ci mini rai a duk shirin shi ne kada wani yaro ya koma gida hannu rabbana. Na san halin aji. In ka ce kowa ya rubuta wa wanda yake so, mai farin jini zai tara wasiƙu goma, yarinyar da ke zama a lungu kuwa, wadda aka kawo riƙo daga arewacin Ghana ba ta iya Hausa ba balle Twi, harshen Asante, ba wanda zai tuna da ita. Don haka tun ranar Litinin muka zuba sunaye a ƙwarya biyu, ta mata da ta maza, kowa ya zura hannu ya ɗauki ɗaya ya ɓoye. Wanda ka ɗauka shi ne abokinka na sirri har Juma'a. Aikinka biyu: ka yi masa wani alheri ba tare da ya gane kai ne ba, ka kuma sa masa ido ka gano wani halinsa mai kyau. Na hana su rubuta "kana da kirki" kurum. Sai an faɗi abin da ya yi da ranar da ya yi shi.

Wannan doka ita ta ba su wahala, ita ce kuma ta fi amfani. Yaro ne da bai taɓa lura da kowa ba sai ƙwallo, ga shi yana bin wani da kallo a filin wasa yana neman abin rubutawa. Wata ta rubuta, "Ranar Laraba na ga kin ba ƙanwar wata ruwanki, ke ba ki sha ba." Wani ya rubuta, "Ba ka yi dariya ba lokacin da na kasa karatu." Yarinyar nan ta lungu kuwa, wasiƙarta cewa ta yi ta fi kowa iya share aji kuma ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Sau uku ta sa aka karanta mata. Wasu sun yi da Turanci, wasu da Hausa, biyu ko uku ma da ajami suka yi, Malam ya duba musu. Iyaye, don Allah ku tambayi 'ya'yanku su nuna muku, kada a nannaɗe ƙosai da su.

Alhaji mai shagon kayan masarufi na bakin masallaci, kwalayen da ka ba mu su ne suka zama akwatin gidan waya, muka naɗa masinjoji biyu masu rabo, da hular takarda da komai. Na gode.

Yanzu ga wanda ya ƙwace ranar baki ɗaya: kakan ɗaya daga cikin ɗalibaina, dattijon da ya yi ƙuruciyarsa yana kula da gonar koko a wajen Goaso. Baba, na gayyace ka ka yi minti goma, ka yi kusan awa guda, kuma ba yaron da ya nemi fita fitsari. Ka zo da ƙwallayen koko a buhu, masu ruwan ɗorawa, ka fasa su a gabansu. Abin mamaki, a garin da ke tsakiyar ƙasar koko, yawancin yaran nan ba su taɓa ganin cikinsa ba. Ɗaya ya yi tsammanin zai tarar da cakulan a ciki. Da suka tsotsi farin naman da ke lulluɓe da ƙwayar suka ji zaƙi-zaƙi da tsami, sai ihu. Da wani mai gaggawa ya tauna ƙwayar kanta ya ji ɗaci, sai tofi da dariya.

Ka sa sun ƙirga ƙwayoyin kowane ƙwallo, suka tarar sun kai talatin zuwa arba'in. Ka bayyana musu yadda ake tara ƙwayar a kan ganyen ayaba a rufe ta kusan kwana shida ta tsimu, ana juya ta, har ta ɗauki zafi da kanta, sannan a shanya a kan tabarmar gora da aka ɗaga bisa ƙasa, ana motsawa ana tsince tsakuwa har ta bushe. Ka ce ƙamshin cakulan tun a wannan tsimi yake farawa, wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata kayansa. Ka faɗa musu buhu kilo 64 ne a sikelin akawun da ke saye, kuma buhu 16 ke yin tan ɗaya.

Inda na fi jin daɗi shi ne da ka zo kan abusa, tsarin da mai kula da gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu, mai gona ya ɗauki biyu. Ni da na daɗe ina fama da su a kan darasin lissafin kashi-kashi a allo, sai ga shi ka zube ƙwayoyi talatin a kan tebur ka ce, "Ni ne lebura, wancan shi ne mai gona, ku raba mana." Nan take suka ware maka goma. Ka ƙara zuba shida, suka sake lissafi ba gardama. Wata ta ɗaga hannu ta ce ai wanda ya yi wahala shi ya kamata ya ɗauki biyu. Ka yi murmushi ka ce ta yi karatu ta zo ta gyara. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan ka zauna na ɗora musu da tarihin Tetteh Quarshie, maƙerin da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong ta Akuapem a 1879, da yadda zuwa 1911 ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi, kafin Kwaddibuwa ta sha gabanmu. Na sa kowa ya duba tsabar pesewa 20 ya gaya mini abin da ke jiki. Sun sha kashe ta a wajen mai alewa, ba su taɓa lura da cewa ƙwallon koko ne ba.

Godiya ta musamman ga abokiyar aikina, malamar aji biyar, 'yar Asante kuma Kirista, wadda ta bar hutunta ta zo ta koya musu buga adinkra, wato alamomin gargajiya da ake bugawa a kan ƙyalle da hatimi. Danginta 'yan Ntonso ne, garin da ake wannan sana'a, inda ake sassaƙa hatimin daga sakaina. Mu da dankali muka sassaƙa namu, muka tsoma a fenti. Ta zaɓo musu alamu biyu: akoma, wato zuciya, wadda a wurinsu take nufin haƙuri da juriya, da ese ne tekrema, haƙori da harshe, alamar abota. Kafin ta gama bayani yara sun riga ta da cewa mu ma muna faɗa, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A nan ne wasu 'yan mata biyu da suka kwana biyu suna gaba suka buga hatiminsu kusa da juna, ba wanda ya sa su. 'Yar'uwa, Allah ya bar zumunci. Tela na layin bayan makaranta, farin ƙyallen da ka ba mu ka kuma yi masa kalmasa kyauta yana nan rataye a bangon aji, duk mai son gani ya shigo.

Batun cakulan ɗin kansa, gaskiya na so in haƙura da shi. Kun san yadda ya yi tsada tun da farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan kowane tan a 2024, saboda ƙarancin amfani a nan da Kwaddibuwa: ga cutar bishiya, ga rikicewar damina, ga masu galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ke cinye gonaki. Sai ga tsohon ɗalibin makarantar nan da ke aiki a Tema ya aiko da kwalin cakulan ɗin Golden Tree ta hannun direban mota, shi ma direban ya ƙi karɓar ko sisi. Ƙanena, kai da direba, Allah ya buɗa muku. Ba mu ba kowa sanda guda ba, ba za ta kai ba. Mun ba kowane benci ɗaya, da sharaɗin wanda ya karya shi zai ɗauka a ƙarshe. Ban taɓa ganin rabo mai adalci irin na ranar ba, har da masu auna gutsure da rula.

Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, da matan gidanta, kun tashi tun asuba kun ciyar da aji guda ba ku karɓi kuɗin ko itace ba. Innar da ta kawo sobolo, wato zoɓo, mai sanyi, yayyen da suka zo daga ƙaramar sakandare suka jera benci suka share aji bayan an tashi, mai gadi da ya buɗe mana ƙofa da wuri, da shugaban makaranta da ya sa hannu ya kuma tsaya mana a gaban iyaye: duka na gode. Iyayen da suka aiko da sidi biyu, sidi biyar, na san daga inda aka tsakuro su, ga azumi saura mako biyu. Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe yana hannun ma'ajin ƙungiyar iyaye, za a karanta a zama mai zuwa. Ɗan canjin da ya rage mun yanke shawarar sayen fensira da shi.

Akwai kuma iyayen da suka ce su dai ba su gamsu ba, suka riƙe 'ya'yansu a gida ranar. Hakkinku ne, kuma ba abin da zai shiga tsakaninmu. Abokan sirrin 'ya'yanku sun rubuta musu wasiƙunsu, na ajiye tare da rabonsu na cakulan, na ba su ranar Litinin.

Sanarwa ta ƙarshe: akwai kula biyu, faranti shida da ludayi ɗaya a ofishin shugaban makaranta, masu su su aiko a karɓa. Baba mai koko, addarka ma tana nan, ban yarda in ba jikanka ya ɗauko maka ba, zan kawo da kaina bayan la'asar ranar Asabar in Allah ya yarda.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana yaran nan, ya kai mu Ramadan lafiya.

Taku,
Malamar aji huɗu