Fiffiken dama ya tsallake gwajin fitila, bayan hazon dof ya kusa sa mu yage yadin

Jama'a, albishirinku. Fiffiken dama na tsohon jirgin saman L-4 da muke gyarawa ya tsallake gwajin fitila. Mun rufe rumfa, muka zura ƙwan fitila mai wat 60 ta ramin dubawa, muka bi shi daga gindin fiffike har ƙarshensa, ba inda haske ya ɓullo, alamar shafin azurfa mai kare yadi daga hasken rana ya rufe ko'ina. Injiniyan da ke sa mana hannu ya shafa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce a ci gaba. Alhamdulillahi. Wanda bai ga halin da fiffiken nan yake ciki a watannin baya ba, zai ce zumuɗi ne ya yi mana yawa.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyar aikin ba, jirgin Piper L-4 ne ƙirar 1943, wato ƙaramin jirgin farar hula J-3 Cub da aka sa wa kakin soja aka ƙara masa tagogi ta baya. A Lock Haven da ke jihar Pennsylvania ta Amurka aka ƙera su, sama da 5,000, kuma babban aikinsu a Yaƙin Duniya na Biyu shi ne leƙo wa masu igwa inda harsashinsu ke faɗuwa. Injin Continental ne mai ƙarfin doki 65. Duk cikinmu ba mai karɓar albashi, ƙarshen mako muke haɗuwa, kayan aiki kuma daga gudummawa suke fitowa. Shi ya sa kowane galan na dof, wato ruwan shafin da ke toshe yadin jirgi ya ƙarfafa shi, da ya tafi a banza sai mun ji shi a jikinmu.

Shimfiɗa yadi, guga, ɗinkin haƙarƙari da manna tef duk sun tafi lami lafiya, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Yadin Ceconite muka sa. Dof ɗin naitiret na farko ma ya shiga cikin zare yadda ake so. Sai da muka koma dof ɗin biyutiret mai garai-garai sannan abin ya kunno kai: a fesa, ya yi ƙyalli gwanin sha'awa, kafin a wanke bindigar feshi ya dusashe ya koma fari-fari kamar madubin da aka hura wa numfashi.

Na san akwai masu cewa ai azurfa za ta hau kai, fenti kuma ya hau kan azurfa, wa zai gani? Wannan maganar ba na so in sake jin ta a bakin kowa. Hazon nan ruwa ne ya shiga dof tun yana ɗanye, ya sa sinadarin da ke zama fatar ya tsinke ya fita daga cikin tina, wato ruwan da ake tsinka dof da shi, kafin lokacinsa. Abin da ya bushe a haka ba shi da ƙwari, kuma shafin da zai biyo baya ba zai kama shi da kyau ba. Yau ba za a gani ba. Nan da wasu shekaru, idan fenti ya fara ɓarewa a daidai inda iskar farfela ke duka, za a gani.

Zargin farko ya faɗa kan kwamfuresa. Muka zubar da ruwan tanki, muka sa sabon tarkon ruwa kusa da bindiga, muka ƙara tsawon bututu don iska ta huce kafin ta iso tarkon. Aka fesa iska zalla a kan gilashi, ko ɗigo babu. Aka fesa dof, hazo ya dawo.

Daga nan aka koma kan tina. Wani dattijonmu da ya yi shekaru yana fentin motoci ya rantse cewa gwangwanin ya sha iska. To, aka yi odar sabo. A nan ne aljihu ya koka, domin dof da tina kaya ne masu kamawa da wuta, ba a aiko su kamar sauran kaya, kuɗin jigilarsu kaɗai ya kusa kamo kuɗin kayan. Abin da aka ware don tayoyi da birki shi ya tafi a wannan odar. Sabon tina ya zo, aka fesa, hazo yana nan daram.

Sai ritada, wato sinadarin da ke jinkirta bushewar dof. Kowa ya san ita ce maganin da littafi ya ambata, kuma gaskiya ta rage abin. Amma kafin ta kashe shi gaba ɗaya sai an zuba ta fiye da abin da ke rubuce a jikin gwangwani, a nan kuma dof ya ƙi bushewa, ya fara zarara a saman lanƙwasar fiffike, ƙura ta samu wurin zama. Ranar nan na koma gida ko magana ba na son yi. Har an fara shawarar a yage yadin a koma tsarin Poly-Fiber ko na Stewart mai haɗin ruwa. Tsaruka ne masu kyau, ba na kushe su. Sai dai ba a gauraya tsari da tsari, takardar amincewar kowanne ta ɗaure ka da littafinsa daga farko har ƙarshe, don haka sauyawa na nufin a kwance ɗinkin haƙarƙarin da aka yi makonni ana yi da hannu. Ban da haka, mun zaɓi dof ne tun farko don jirgin ya fito da irin fatar jiragen shekarun 1940.

Abin da ya warware ƙullin a gabanmu yake tun ranar farko. Wata ɗaliba da ke zuwa taya mu ce ta tambaya, me ya sa goshin fiffike ba ya yin fari? Muka tsaya muka duba da kyau. Gaskiyarta. Goshi, inda farantin alminiyam ke ƙarƙashin yadi, garau yake. Kan kowane haƙarƙari akwai siririn layi garau. Hazon duk a filin da ke tsakanin haƙarƙari yake, inda yadi ke rataye ba komai a bayansa, kuma ya fi kauri a rabin fiffiken da ke kusa da ƙofa.

Da ruwa daga bututu yake fitowa, ba zai zaɓi wuri ba. Da tina ce ta lalace, haka nan. Abin da ke bambanta goshi da fili shi ne zafi. Tina idan tana tashi tana tafiya da zafin abin da take kai. Inda akwai ƙarfe a baya, ƙarfen na mayar wa yadi zafin da ya rasa. Inda yadi yake shi kaɗai, ba shi da abin da zai rama da shi, sai ya yi sanyi nan take, raɓa ta sauka a kan ɗanyen dof.

Muka aro ma'aunin zafi irin wanda ake nunawa daga nesa. A ranar, rumfa tana kan digiri 18, laima kashi 70 cikin 100. A wannan yanayin raɓa na fara sauka a wajen digiri 12 da rabi. Agogon laimar da ke rataye a bango bai taɓa tayar mana da hankali ba, amma da aka fesa ɗan gwaji aka nuna ma'auni a tsakiyar fili, sai ga 11. Goshi kuwa bai sauka ƙasa da 15 ba.

Saura batun ƙofa. Fankar da ke zuƙe tururi tana bangon baya, iskar da ke maye gurbin wadda ta fitar kuma ta ƙarƙashin babbar ƙofa take shigowa, ɗanya, mai sanyi, ta bi ta kan fiffike a kwance. Wato tana hanzarta tashin tina, tana kuma kawo ruwan da zai sauka. Kashe fanka ba zaɓi ba ne. Wanda ya taɓa shaƙar tururin biyutiret a rufaffen wuri ya san dalili, ga kuma haɗarin gobara.

Ga abin da muka yi. Mun kafa ɗaki na leda a cikin rumfar, muka toshe ƙasan ƙofa, muka buɗe wa iska hanya ta ɗakin ajiya da ke gefe, da matata a bakin hanyar, muka kuma kafa allon katako yadda iskar za ta daki allon ta bazu maimakon ta share saman fiffike. A ɗakin ajiyar ake ɗumama iska, nesa da tururi, kuma duk wata hita mai jan waya a kashe take kafin a buɗe gwangwani. Ɗumamawa ba ta cire ruwa daga iska, matakin raɓa yana nan wajen 13. Abin da take yi shi ne faɗaɗa tazara: a digiri 24 muna da kusan 11 a hannu maimakon 5 ko 6. Ritada ta koma daidai awon da ke jikin gwangwani. Feshi kuma sai da rana tsaka, ba da sassafe ba, duk da cewa hakan ya ɓata wa wasu tsarin zuwansu.

Tsohon hazon, inda yake da sauƙi, ɗan feshin tina da ritada ya narkar da shi ya koma garau a kan idonmu. Inda ya yi kauri sai da aka goge da samfefa da ruwa. Da ruwa fa, ina jaddadawa, kuma a ɗaure firam da wayar ƙasa, domin busasshiyar guga a kan yadin da ya sha naitiret na iya tara lantarkin da zai ba da tartsatsi. A yi hankali da kan ɗinki da gefen tef, samfefa na cinye su kafin ka ankara. Bayan nan azurfa ta hau shafi bayan shafi ba tare da ko ɗigon fari ba.

A tsari, yanzu ya kamata a ce fiffiken hagu ya hau teburi. Amma matokaran fiffike sun iso, sababbi masu rufaffen ciki waɗanda ke raba mutum da maimaita binciken tsatsa da umarnin 2015 na FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ya wajabta, sai kowa ya bar abin da yake yi ya koma gwada su a jikin firam. Su ma sun ci kuɗi, amma a kansu ba wanda ya yi gardama. Gardamar tana kan fenti. Wasu na son ratsin baƙi da fari irin na saukar sojojin ƙawance a Normandi ta Faransa a watan Yunin 1944, wai ya fi jan 'yan kallo da masu ba da gudummawa. Ni ban yarda ba. Takardun jirgin nan ba su nuna ya je can ba, kuma ba za mu sha wannan wahalar don mu liƙa masa tarihin wani jirgi ba. Koren soja mara ƙyalli da lambarsa ta asali sun ishe shi.

Da muka cire tsohon yadin fiffiken hagu kuma, mun tarar da baƙin tabo a jikin katakon ginshiƙin baya, daidai ƙarƙashin ƙarfen da matokari ke kamawa. Tsinke bai nutse ba, amma injiniya ya ce kada a taɓa komai sai an kwance ƙarfen ya duba ramukan ƙusoshi da idonsa. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan tabon a ginshiƙin katako na Cub, ina so in ji abin da ya tarar da ya kwance, da kuma inda ya samo katakon itacen sifurus (spruce) mai takardar shaida idan abin ya kai ga canji.