Yadda muka raba jinyar Yaya a tsakaninmu

Yayana tela ne, shagonsa na wajen Ƙofar Ƙaura. A hankali abin ya fara: barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita daga ransa, ɗinkin mutane ya taru bai taɓa ba, har jam'i a masallaci ya daina fita. Ba rasuwa aka yi ba, ba kuma mai binsa bashi, shi ya sa kowa ke tambayarsa, "Kai me ka rasa?" Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ƙarancin tawakkali. Wannan ta biyun ta fi yi masa ciwo, don mutum ne mai ibada.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Likita ya ce ciwon damuwa ne. Ya bayyana mana cewa idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu suna hana mutum harkokinsa, magana ta zama ta asibiti. Aka ɗora shi kan wani maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine, aka ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ko ya ji sauƙi zai ci gaba da sha aƙalla wata shida. Addu'a kuwa ba mu fasa ba.

Makonnin jiran nan su ne masu wuya, a nan ne kuma na ga amfanin mutane. Zuwa dubiya rututu yana gajiyar da shi, ga nasiha daga kowane baki. Sai muka raba aikin. Inna ta ɗauki abinci, tana zama har ya ci ko loma biyar ce. Matarsa ta riƙe maganin a hannunta. Amininsa yana biyo masa bayan La'asar su taka zuwa majalisa, ko da ba zai ce uffan ba. Ni kuma na ɗauki ranakun asibiti da lallashin masu ɗinki. Mun kuma riƙa hutar da matarsa, don mai jinya ma yana gajiya.

Abu mafi nauyi shi ne tambayar da likita ya ce kada mu ji tsoron yi. Wani dare na ce, "Yaya, kana tunanin kashe kanka?" Ya daɗe shiru, sannan ya ce tunanin yana zuwa masa. Washegari muka koma asibiti, muka kuma kwashe maganin ɓera da na ƙwari daga gidan.

A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Na yi murna, amma a unguwa har yanzu wanda aka gani wajen likitan ƙwaƙwalwa sunansa mahaukaci. Saboda haka Yaya ne da kansa yake zaɓar wanda za a gaya wa. Ya koma kan kekensa, rabin yini yake yi tukuna, kuma bai daina shan magani ba.