Na Je Shagamu Na Ga Bishiyar Goro Da Idona

Tun ina yaro nake zuwa rumfar kawuna a kasuwar goro ta Mariri a Kano, na san huhu na san ƙwarya, ina iya bambance fari da ja da daushe, amma wallahi sai bana na taɓa ganin bishiyar da take haifar shi. Kawu ne ya ce in raka shi Kurmi, wato Kudu, saro kaya tunda ƙafarsa ta fara damunsa, ni kuma dama abin da nake nema kenan.

Hanya ba zan tsaya dogon bayani a kanta ba, kwana muka yi muna tafiya, ta Mokwa muka bi muka haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Ibadan, sai ga mu a Shagamu ta jihar Ogun da hantsi. A Sabo muka sauka, in ka shiga unguwar nan sai ka ɗauka kana Fagge ne, ga mai shayi ga mai tsire ga Hausa ta ko'ina, da yawansu kakanninsu ne suka zo fataucin goro suka zauna, nan aka haife su nan suka haifa.

Washegari da sassafe wani abokin cinikin Kawu, dattijo Bayarabe mai jin Hausa rangaɗaɗau, ya ɗauke mu a mashin zuwa gonarsa can bayan gari. Ni a zatona zan ga gona irin tamu ne da kunya-kunya, ashe daji ne, duhu da sanyi, ƙasa duk ruɓaɓɓen ganye, ga koko ga ayaba ga kwakwar manja duk a cakuɗe. Sai ya dafa wata bishiya doguwa mai yalwar ganye kamar mangwaro ya ce "ɗana, ga abin da kuke ci nan." Na ɗaga kai ina neman goro ban ga goro ba, abin da na gani wasu kwansuna ne kore masu ƙuraje-ƙuraje, kowanne ya kai tsawon tafin hannu, sun fito huɗu biyar a gindi ɗaya sun baje kamar tauraro. Ya sa doguwar gora mai lauje a kai ya tsinko, ya tsaga ɗaya da wuƙa, sai ga 'ya'ya a jere a ciki kowanne lulluɓe da wata farar riga mai taushi. Da ya ɓare rigar da farce sai ga goro, jajir, ɗanye sharaf. A kwanso ɗaya kuma wani ya fito ja wani fari-fari, nan na tsaya ina kallo, don ni duk tsawon rayuwata na ɗauka bishiyar fari daban ta ja daban.

Na ce Baba shekara nawa take yi kafin ta fara haihuwa? Ya ce in daga ƙwaya ka shuka to ka ba ta shekara bakwai ko fiye, tana ƙarama inuwa take so shi ya sa ake dasa ta a ƙarƙashin ayaba, amma in ta kama sai ta ci da kai ta ci da jikanka. Wadda muke tsaye a gindinta ma mahaifinsa ne ya shuka. Ita da koko dangi ne, ruwa mai yawa suke so da laima, dalilin da ya sa ba ta yi a ƙasarmu kenan duk da mu ne manyan masu ci. Babbar kakarta daga wajen Oktoba ne zuwa Disamba.

Aikin da ya fi taɓa ni na mata ne. A bakin gida na tarar da su zagaye da manyan robobi, an jiƙa goron ya kwana rigar ta yi laushi suna murjewa ɗaya bayan ɗaya, hannuwansu duk sun rine sun yi ja. Daga nan a wanke a zuba a kwando ya yi kwanaki yana tsane gumi, sannan a shimfiɗa ganyen fita a jera shi a rufe. Kuma ba a bar shi haka ba, lokaci-lokaci sai an buɗe an tsince mai sankara an canja ganye, ƙwaro ɗaya in ya samu shiga sai ya ɓata huhu guda. Kawu yana ɗaukan goro ya juya shi sau ɗaya ya san ko zai yi ajiya har ya zama daushe, na ga ya ware goriya, wato manya, gefe, minu, wato ƙanana, gefe, ko magana ba ya yi.

Da dare a Sabo hira ta kai mu tarihi. Kawu ya ce wannan goro mai ɓari biyu da muke ci ai ba ɗan asalin ƙasar Yarbawa ba ne, nasu na gado shi ne abata, wanda muke kira hannun ruwa, mai ɓari uku huɗu har fiye, shi suke al'adunsu da shi. Namu kuwa gbanja suke ce masa, wato Gwanja. Can ƙasar Gana ta yanzu kakanninmu suke zuwa, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ayari guda da madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, wata da watanni a hanya kafin a isa kasuwar Salaga inda ake kawo goron daga dazuzzukan Asante. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja baya, sannan layin dogo ya iso Kano a 1911, manoman Yarbawa suka rungumi shuka irin na Gwanja, ciniki ya juyo nan. Alhassan Ɗantata ma da fataucin goro ya fara ƙarfi kafin gyaɗa. Wani saurayi a wajen ya ƙara da cewa lemon Coca-Cola da aka fara haɗawa a Amurka a 1886 rabin sunansa daga goro ya samo shi, sinadarin da yake hana mu barci in mun ci shi ne dai wanda ke cikin kofi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk yawon da muka yi a gonar Baba ban ga dashe sabo ba sai ƙwaya biyu uku. Bishiyoyin sun tsufa, wasu kauci ya hau kansu, 'ya'yansa suna Legas ba mai sha'awar jiran shekara bakwai, gonakin maƙwabtansa na bakin titi kuma an yanka filaye an yi gidaje. Ya ce akwai cibiyar binciken koko a Ibadan da ke aiki a kan goro ma, suna da iri mai saurin haihuwa, amma shi ƙarfinsa ya ƙare. Mu kuwa a gida ba a neman aure ba a ɗaura shi ba a raɗa suna sai da goro, ko albishir ka yi wa mutum goro zai ce maka.

Ranar da za mu taho na tsaya har aka gama ɗaure huhunan Kawu aka loda a tirela, aka ja wa direba kunne kar ya bar su a rana. Baba ya zo sallama da kwanso guda ɗaya wanda ba a fasa ba a leda, ya ce in kai wa mahaifiyata ta gani. Da na isa gida ta karɓa ta juya shi ta sake juyawa, ta aika aka kira maƙwabta, sannan ta ce in kawo wuƙa.