Injin zuƙe ƙura a gidan ciki da falo

Tun da muka tare a ƙaramin gidanmu na ciki da falo a Ƙofar Ƙaura, ƙurar hunturu ta hana ni sakat, domin tsintsiya tayar da ita kawai take yi daga kafet, ta sake sauka a kan kujeru da labule. Da na je sayen injin zuƙe ƙura, mai shagon ya fara nuna mini wani babba mai tayoyi, sai na tuna cewa tsakanin gadonmu da bango ko mutum da ƙyar yake wucewa. Na zaɓi siriri mai kama da sanda, wanda ake yi wa caji, saboda ba kullum ake samun wuta ba, kuma yana shiga ƙarƙashin gado cikin sauƙi.

Abin da na fi dubawa shi ne matatarsa, wadda ake wankewa da ruwa, amma dole ta bushe sarai kafin a mayar da ita. Na ƙi karɓar wani na hannu daga Amurka, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Mazubin dattin wanda na saya ƙarami ne, don haka a watan Janairu sau biyu nake juye shi kafin in gama falo.